Yadda Yayata Ta Zama Mata Shida

Yayata ba da niyya ta shiga karatun kwamfuta ba, takalmi ne ya shigar da ita. Ranar da za ta je rajista a kwaleji Baba ya sayo mata sabon takalmi, sai dai ya rage lamba ɗaya. Ita kuwa don kada ta ɓata masa rai ta cusa ƙafa haka nan ta kama hanya. Karatun jinya aka tura ta yi, gida duka an gama magana a kan haka. Da ta isa ta tarar layin jinya ya fito daga zaure, ya zagaya bayan gini, ya kai har gindin bishiyar da ake jingine kekuna, mata zalla. Ta yi minti arba'in a tsaye, ƙaramin yatsanta kamar zai tsinke. Can ta hango wani tebur a lungu, babu layi, ga benci ba kowa a kai. Ta ce bari ta je ta zauna ta ɗan cire takalmin. Zamanta ke da wuya mutumin da ke teburin ya miƙo mata fom da biro, ko ɗago kai bai yi ba. Yaya kuwa tana da kunyar ƙin karɓar abin da aka miƙo mata. Ta karɓa, ta cike, ta sa hannu.

Sati biyu Inna tana tambayar yaushe za a ba ta farar riga, Yaya tana kame-kame. Da gaskiya ta fito Baba ya ce shi dai tunda yake bai taɓa ganin mace tana wannan aiki ba. Inna tela ce, tana kan keken ɗinki lokacin, ko dakatar da ƙafa ba ta yi ba. Ta ce yarinyar da tun tana shekara tara take kwance keken nan ta mayar ba ƙusa ɗaya da ta yi saura, a ƙyale ta. Baba ya tambaya ko ana yi wa mutane allura a sashen nasu. Aka ce a'a. Ya ce to aƙalla ba za ta kashe kowa ba, ya ci gaba da shan shayinsa.

Su sittin da uku ne a aji, mata biyu. Bayan wata ɗaya ɗayar ta koma wani sashe, ta ce ta gaji da kallon da ake yi mata duk lokacin da ta ɗaga hannu. Malaminsu kullum in ya shigo sai ya ce, "Samari, barkanku da yau." Yaya ta riƙa kumbura murya tana amsawa fiye da kowa, har ajin ya saba ana jira a ji ta. In an ba su aikin rukuni sai samarin su tura mata biro su ce ita ta rubuta rahoto, rubutunta ya fi kyau. Ta ji haushi da farko, amma da yake ba ta iya rubuta abin da ba ta gane ba, sai ta bi kowane layi ta fahimce shi. Ranar kare aikin a gaban malamai ita kaɗai ke da amsa, sauran suna bayanta suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

A gida ne muka laƙaba mata Kashe-Kunna. Duk abin da ya ƙi aiki, waya ce, rediyo ne, dutsen guga ne, maganinta ɗaya: kashe ki kunna. Rannan Baba ya dawo ransa a ɓace yana ta faɗa, ta raɗa wa Inna a kunne cewa ta kashe shi ta kunna. Inna ta yi dariya har allura ta soke ta.

Ni ce ƙanwarta, ni kuma na yi karatun jinyar da ita ba ta yi ba. Abin da zan faɗa daga nan wani na gani da idona, wani ita ta ba ni labari tana dariya har da riƙe ciki, don ita haka take ba da labari ko da na baƙin ciki ne.

Ta samu aiki a wani kamfani da ke rubuta manhajar da kantunan magani suke amfani da ita don sanin abin da ya rage a kan kanta da ranar da kowane magani zai lalace. Ɗakin masu rubuta manhajar yana hawa na uku: dogayen tebura huɗu, wayoyi a ƙasa kamar saiwar bishiya, na'urar sanyi da ke ɗigar ruwa cikin bokiti, kofunan shayi da ba wanda ya san mai su. Maza ashirin da biyu. Ranar farko maigadi ya tare ta ya tambaya abincin wa ta kawo. Manaja kuma ya nuna mata teburin sakatariya, sai da ta miƙa masa takardar ɗaukar aiki. Ashe ta sakamakon jarrabawa ya zaɓe ta, a takardar kuwa lamba ce kawai babu suna. Ya dubi takardar, ya dube ta, ya sake duban takardar, sannan ya ce madalla, ai su kamfaninsu na kowa da kowa ne.

Bayin mata na wannan hawa a kulle yake, ba wanda ya san inda makullin ya shiga. In ta matsu sai ta sauka hawa uku zuwa na ƙasa. Ta ce wannan shi ne motsa jikin da kamfani ya ba ta kyauta.

A sati na bakwai ta tafka ta'asa. Da hantsi, tana gyara wani ɗan abu, ta danna inda bai kamata ba, jerin magungunan kantuna arba'in ya goge ƙarƙaf. Wayoyin ofis suka ɗauki ƙara lokaci guda. Ta miƙe ta sauka hawa ukun nan, ta kulle kanta a bayi ta kira ni. Ba korar ce ta dame ta ba. Cewa take yi ta ja wa dukan mata abin kunya, daga yau duk macen da ta zo neman aiki a ginin nan da wannan za a yi mata misali. Na ce ta wanke fuska ta koma.

A kan matakala ta tarar da wani dattijo da suke kira Tsohon Injiniya, wanda tun kafa kamfanin yake nan, yana zaune yana jiran ta, riƙe da wani ɗan kofi ruwan ɗorawa mai karyayyen hannu.

"Ungo, 'yar nan," ya ce. "Naki ne yanzu."

Ya bayyana mata cewa kofin kunya ne. Duk wanda ya yi babbar ɓarna a ɗakin shi ke ajiye shi a teburinsa, ya sha shayi da shi, har sai wani ya fi shi. Babu mutum ɗaya a cikin ashirin da biyun da bai riƙe shi ba. Shi kansa sau huɗu, manaja sau biyu, ɗaya daga ciki har gobara ta so tashi. Suka hau tare, suka dawo da jerin daga kwafin da aka adana jiya, kafin la'asar komai ya koma daidai. Da ta ajiye kofin a teburinta ɗakin ya ɗauki tafi. Ta dawo gida bakinta har kunne, tana gaya wa Inna yau ta zama 'yar gida. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda ake murna don an yi ɓarna ba. Wata huɗu kofin yana wurinta. Da wani ya karɓe shi sai da ta ji kewa.

Haka ta yi shekara tara ita kaɗai. A ciki ta yi aure, ta haifi 'ya mace, ta zama shugabar tebur guda. Duk lokacin da aka buɗe gurbi takardu ɗari suke zuwa, na mata biyu ko babu. Manaja ya ce to ya zai yi, mata ba sa nema. Yaya ta nuna masa tallar da suke bugawa, hoton samari huɗu sun harɗe hannu, an rubuta ana neman jarumin da ba ya gajiya, ta ce ita ma da wannan ta fara gani da ta wuce abinta. Ya ce zai duba. Bai duba ba.

Sai shekarar kalanda ta zo. Kamfani ya yanke shawarar buga kalanda ya rarraba wa abokan hulɗa. Aka ce wa Yaya ta zo da kaya kala-kala don mai hoto ya zaɓi wanda ya fi kyau. Ta ari ɗankwalaye biyu na Inna, ta ari mayafina, ta cika jaka. Mai hoto ya wuni da ita: tsaya nan, zauna can, riƙe wannan wayar, juya baya ki nuna allo, ari tabaran Tsohon Injiniya ki sa. Ta ɗauka duk cikin neman zaɓi ne. Da kalanda ta fito ta buɗe, sai ga ta a Fabrairu. Ta juya, ga ta a Afrilu da ɗankwalin Inna. Ga ta a Yuni, ga ta a Agusta, ga ta a Oktoba ta juya baya da tabarau, a Disamba kuma hannunta kawai a kan allon rubutu da gefen fuska. A ƙarƙashin kowane hoto an rubuta: ɗaya daga cikin matan sashenmu na manhaja.

Ta ce ta yi dariya har ta zame daga kujera, abokan aikinta suna ta kiran ta da sunayen watanni. Sai da ta shiga mota za ta koma gida abin ya ɗan sosa mata rai, amma kafin ta isa dariyar ta dawo. Inna ta rataye kalandar a ɗakin ɗinki. Ta gane biyar, amma ta Oktoba ta shige mata duhu. Ta ce wannan mai tabarau ba ta yi kama da mai tarbiyya ba, wa ke juya wa mutane baya a hoto, ta ja wa Yaya kunne kada ta yi ƙawance da ita. Mun bar ta a haka kusan wata guda.

Ƙarya fure take yi. Wata biyu da rarraba kalanda wasiƙa ta zo daga wata ƙungiyar asibitoci da kamfanin ya daɗe yana neman aiki da ita. Shugabar sashen kwamfutarsu, mace, ta ga kalandar, ta ji daɗi ƙwarai, za ta zo nan da wata uku, kuma babban burinta ta ci abincin rana da matan nan shida.

Manaja ya karanta wasiƙar sau biyu. Ya kira Yaya ofis ya rufe ƙofa, yana share gumi da hankici duk da sanyin na'ura. Dabararsa ita ce a ranar a tattaro matan da ke hawan ƙasa, a zaunar da su gaban kwamfuta, su yi ta danne-danne kamar suna aiki, ita kuma ta riƙa amsa duk tambayar da aka yi. Yaya ta bar shi ya gama.

"Yallaɓai, ni ba zan zaunar da iyayena mata su yi wasan kwaikwayo ba," ta ce. "In za su zauna gaban kwamfuta, su zauna su koya. Ka ba ni awa ɗaya kullum, ka ba ni ɗakin taro, kuma ka nemo mini makullin bayin mata na hawan nan."

Ya tambaya me ya haɗa makulli da wannan magana. Ta ce shekara tara tana leƙa ta kafar ƙofa, ta san abin da ke ciki. Makulli dai bai samu ba, kafinta aka kira ya ɓalle kwaɗon. A ciki suka tarar da matattun kwamfutoci goma sha ɗaya an jibge su har saman wurin wanke hannu, da firinta uku, da fanka marar fiffike. Ita da Tsohon Injiniya suka ciri hanjin wannan suka sa wa waccan, biyar suka tashi.

Mata huɗu suka amsa kira. Mai shara ta faɗa tun ranar farko cewa ita abin da take so kawai ta iya rubuta wa 'yarta saƙo ta tura da kanta. Ta iya cikin kwana goma, ta yi godiya, ta koma kan tsintsiyarta ranta fes. Mai kula da sito ta yi sati uku ta ce kanta na ciwo, a yafe mata. Saura biyu.

Ɗaya ita ce Gwaggo Tafireta, 'yar shekara hamsin da shida, saura mata shekara biyu ta yi ritaya. Tun zamanin tafireta take buga wasiƙun manajoji tana gyara musu kuskure ba tare da sun sani ba. Linzamin kwamfuta take riƙewa da yatsa biyu kamar an ba ta jelar ɓera. In tana bugu kuwa sai ka ce ana sussuka, sau biyu harafi yana tsalle daga allon ya faɗa ƙarƙashin tebur. Rubuta manhaja bai shige ta ba ko kaɗan. Amma da Yaya ta ba ta manhajar kamfani ta ce ta yi wasa da ita, sai Gwaggo ta shiga yi mata abin da ba wanda ya taɓa yi. Ta sa talatin da ɗaya ga Fabrairu, manhaja ta karɓa. Ta sa sunan magani a gurbin adadi, manhaja ta sume. Ta danna abu ɗaya sau biyar don ba ta yarda ya ji ba, kwalin magani ɗaya ya zama biyar. A sati guda ta cika shafi uku da jan biro, kuskure goma sha bakwai. Ta hau hawa na uku da littafinta, tana bin tebur-tebur tana tambaya cikin ladabi wane ɗa ne ya rubuta wannan. Daga ranar in an ji takun takalminta a matakala sai ka ga ƙarti suna nutsewa bayan allo.

Ɗayar ita ce yarinyar da ke tarbar baƙi, wadda kowa ke kira Sannu-da-zuwa, don abin da aka san ta da faɗa ke nan. Shekara huɗu tana wannan tebur. A darasi na uku Yaya ta ba da aikin da ta yi zaton zai ci sati, ita ta gama kafin a tashi. Yaya ta tambaye ta inda ta koya. Ta ce ai lissafi ta karanta a jami'a. Yaya ta ce me ya hana ta faɗa. Ta ce ba wanda ya taɓa tambayar ta, kuma da ta zo neman aiki teburin da aka nuna mata ke nan. Yaya ta gaya mini ta rasa ko ta rungume ta ko ta je ta shaƙe manaja, sai ta fita baranda ta yi tsalle uku ta dawo.

Ranar zuwan baƙuwa manaja ya sa kwat, ya sa an wanke kofuna, ya sa an ɓoye bokitin na'urar sanyi. Baƙuwar 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, kalandar a naɗe a hammatarta. Ta gaisa da kowa, ta zo gaban Yaya ta tsaya, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ina sauran biyar ɗin?"

"Ranki ya daɗe, duk ga mu nan a gabanki," in ji Yaya.

Ana jin ruwan na'ura yana ɗiga a kan kafet. Sai baƙuwar ta fashe da dariya, ta dafa tebur, ta yi ta yi har hawaye. Ta ce tun ranar da ta buɗe kalandar ta gane, don mata shida ba za su yi wushirya iri ɗaya da zobe iri ɗaya ba. Ta ce ita ma a wurin aikinta na farko an yi mata haka, amma sau uku kacal aka ɗauke ta, shi ya sa ta ƙudurta sai ta zo ta ga wadda ta ninka ta. Manaja ya nemi kujera ya zauna ba wanda ya ce ya zauna.

Abincin rana su huɗu suka ci, a ɗakin taro, tsakanin tsofaffin kwamfutocin nan. Baƙuwar ta sa Sannu-da-zuwa ta nuna mata abin da ta rubuta, ta yi mata tambayoyi masu zafi, ta samu amsa. Gwaggo kuwa tana cin abinci tana karanta takardar bayanin da baƙuwar ta zo da ita, can ta ciro jan biro ta ce a gafarce ta, amma a shafi na biyu an maimaita layi ɗaya sau biyu. Baƙuwar ta ce in kamfanin ba ya son wannan baiwar Allah ita tana so. Kafin ta tafi ta gaya wa manaja za su yi aiki tare, amma kalandar baɗi ko dai fuskoki na gaskiya ko hoton kwamfuta.

Gwaggo ta koma hawa na uku a matsayin mai gwajin manhaja, aka ƙara mata shekara uku a kan ritayar bisa roƙon waɗanda suke ɓuya mata. Sannu-da-zuwa ta yi shekara guda tana karatu, ta zauna jarrabawar da kowa ke zaunawa, ta ci. Yaya ta karɓe rubuta tallar aiki daga hannun manaja. Ba a yi ruwan mata ba. Yanzu su huɗu ne cikin ashirin da bakwai, ta huɗun ma sai da Yaya ta yi wata biyu tana lallashin mahaifinta a waya. Wata ta zo ta yi wata biyar ta tafi, Yaya ta yi kwana biyu ba ta da walwala.

A watan jiya na je gidanta ranar hutuna, na tarar ba ta dawo ba, ina zaune da mijinta da 'yarta. Sai ga ta ta shigo ta jefar da jaka, fuska a murtuƙe, ta ce yau an kunyata ta a gaban mutum ashirin. Ashe a taron safe ta kawo tsarin da ta yi sati biyu tana shiryawa, Sannu-da-zuwa ta ɗaga hannu ta ce tsarin ba zai ɗauki kantuna ɗari biyu ba. Yaya ta ce zai ɗauka. Yarinyar ta miƙe ta karɓi alli daga hannunta, ta cika allo da lissafi. Suka yi rabin awa suna musu, murya na tashi, maza suna bin su da ido kamar masu kallon ƙwallo. A ƙarshe Tsohon Injiniya ya ce yarinya ce da gaskiya, Yaya ma ta riga ta gani tun layi na huɗu, taurin kai ne kawai.

Mijinta ya fara ba ta haƙuri. Ta ɗaga masa hannu.

"Ba ka gane ba," ta ce. "Shekara goma sha biyu ina wurin nan, yau ne karo na farko da mace ta kayar da ni. Kuma ba wanda ya ce mata suna faɗa. Cewa suka yi ta fi ni lissafi."

Tana faɗin haka murtuƙewar ta warware, ta ɗauki 'yarta ta shiga juyi da ita a tsakar falo har suka bangaje fitila. Sannan ta zauna ta ciro takarda daga jaka, ta ce kowa ya yi mata shiru, akwai wani wuri a layi na tara da take zargin yarinyar ta yi kuskure, gobe da safe za su sake gamuwa.